Makin Jirgin Sama: Gyaran Wa Ne, Na Mai Sautu Ko Na Ɗan Aike?

Ina so in ja hankalin 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa na ƙauye da na birni a kan wata dukiya da ake tarawa da kuɗinmu, alhali da yawa daga cikinmu ko labarinta ba su taɓa ji ba. Wannan dukiya kuwa ita ce makin da kamfanonin jiragen sama suke rubuta wa fasinja duk lokacin da ya yi tafiya da su. Idan makin ya taru akan musanya shi da tikiti, ko kuma a ɗaga mutum daga kujerar baya zuwa kujerar gaba, wadda ake kira bizines kilas, wato wai ajin 'yan kasuwa. Abin dariya ma, 'yan kasuwar na gaskiya can baya za ka same su a cunkushe, gwiwa tana dukan kujera.

Wani zai ce, to mu da ko ƙofar filin jirgi ba mu taɓa shiga ba, ina ruwan biri da gada? Da ruwanmu mana. Ni manomi ne, in an gama aikin damina ina taɓa 'yar tireda, kuma ina cikin masu ba da sautu. Kowa ya san yadda abin yake a Kantin Kwari da Sabon Gari da kasuwar Wambai da sauran kasuwanninmu. Mutum guda ne yake tashi zuwa Dubai ko Guanzu ta ƙasar Sin, amma kuɗin da ke jakarsa na mutum goma ne ko ashirin. Wannan ya sayar da gyaɗarsa ya ba da, wancan ya kwashi adashi ya ba da, waccan ta sayar da tumakinta ta ba da. A cikin lissafin da ake yi mana kuwa har da kuɗin tikiti, da na masauki, da na abinci, da na kilo, ga kuma kamasho a kai. Ke nan tikitin nan da guminmu aka yanke shi. To makin da tikitin ya haifar fa, ina yake zuwa?

Bari in fara bayyana yadda abin yake aiki domin waɗanda ba su sani ba. A shekarar 1981 ne kamfanin American Airlines na Amurka ya fito da nasa tsarin mai suna AAdvantage, sauran kamfanoni suka bi sahu har ya game duniya. Kamfanin jirgin Habasha nasa sunansa ShebaMiles, na Emirates Skywards, na Turkiyya Miles&Smiles, na Masar EgyptAir Plus, shi kuwa na Katar tun 2022 makinsa ake kira Avios. Shiga kyauta ce, ba a biyan ko kwabo. Za ka yi rajista da sunan da ke kan fasfo ɗinka, a ba ka lamba, duk lokacin da za a yankar maka tikiti sai a saka wannan lamba. In ka yi tafiyar sai makin ya faɗa asusunka.

Asalin lissafin da nisan tafiya ake yi, wato da mil, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi. Daga Kano zuwa Adis Ababa kimanin mil 2,000 ne, daga can zuwa Guanzu kimanin mil 5,000. Ka ga zuwa da dawowa an doshi mil 14,000 ke nan. Sai dai ba kowane tikiti ne yake kawo cikakken maki ba. Tikitin araha wani rabi yake bayarwa, wani kashi ɗaya cikin huɗu, wani ma babu komai. Manyan kamfanonin Amurka kuwa tun wajen 2015 suka koma lissafi da yawan kuɗin da mutum ya biya, ba da nisa ba. Bugu da ƙari, kamfanonin suna da ƙungiyoyi irin namu na kasuwa. Na Habasha da na Masar da na Turkiyya duk suna cikin ƙungiyar Star Alliance, saboda haka wanda ya hau ɗaya daga cikinsu yana iya tara makinsa a asusun ɗayan, ya kuma kashe shi a jirgin ɗayan.

Kada wani ya ɗauka wannan maki wasan yara ne irin tikitin caca na bakin kasuwa. Kuɗi ne tsagwaronsu. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da jirage, kamfanin Delta na Amurka ya ciyo bashin dala biliyan 9, kuma tsarin makinsa ya bayar jingina. Kamfanin United shi ma haka ya yi, ya karɓi dala biliyan 6.8. A 2021 American Airlines ya karɓi biliyan 10 ta wannan hanya. Mu dai mun san mai ba da bashi ba ya karɓar jinginar gonar da ba ta ba da amfani. Abin da masu banki suka yarda ya tsaya a madadin wannan tarin dukiya bai kamata mu 'yan tireda mu raina shi ba.

To me ya sa waɗanda suka san kan abin suke ɓoye makinsu sai za su yi doguwar tafiya a kujerar gaba? Lissafi ne kawai. Idan da kuɗi za ka saya, kujerar gaba takan ninka ta baya sau uku ko huɗu, wani lokaci ma fiye. Amma idan da maki za ka biya, sau da yawa ninki biyu ne ko ɗan abin da ya ɗara. Saboda haka a wurin nan ne makin yake yin daraja fiye da ko'ina. Kuma gaskiya kujerar ba ƙarya ba ce. A manyan jirage tana miƙewa ta zama gado, mutum ya kwanta ya yi barcinsa tsawon awa goma da ake yi a sama tsakanin Adis Ababa da Guanzu. Akwai ɗakin hutawa na musamman a filin jirgi da abinci kyauta, ba bin dogon layi, kuma yayin da na baya galibi jaka biyu ake ba shi masu kilo 23, na gaba jakunkunansa kilo 32 ne kowace. Kamfanin Habasha ma har suna ya raɗa wa nasa sashen, Cloud Nine.

A nan maganar tawa take. A ƙa'idar kamfanonin jirage, makin na wanda ya zauna a kujera ne, ba na wanda ya biya kuɗi ba. Su babu ruwansu da wanda ya sayar da buhun gero. Saboda haka ɗan aiken da yake zuwa sau huɗu ko sau biyar a shekara da kuɗin jama'a, duk makin a sunansa yake taruwa. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ji an ce Alhaji yanzu a gaba yake zama, mu kuwa a lissafin da aka kawo mana ko sisi ba a rage ba. Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo. Wasu idan makin ya isa sai su karɓi tikitin da shi, harajin kawai za su biya, amma su dawo su rubuta wa masu sautu cikakken kuɗin tikiti kamar da tsabar kuɗi suka saya. Haka kuma wanda ya yawaita tafiya kamfani yakan ɗaga darajar katinsa zuwa na azurfa ko na zinariya, a ƙara masa kilo kyauta. Wasu wannan kilon da aka ba su kyauta ma sai sun sayar mana da shi a farashin kilo na kullum. Ban ce duka ba, domin akwai masu amana da yawa, amma masu yi sun san kansu.

Mu Hausawa ba yau muka san gyara ba. In ka aiki yaro kasuwa ya auno maka kwano biyar na wake, mai awo ya ƙara masa ɗan dintsi, wannan gyaran cikin buhunka yake shiga, ba aljihun yaro ba. In ka ga dama ka ce ya riƙe, wannan alherinka ne. Dillali kuma la'adarsa sananniya ce, kowa ya san nawa ne, a gaban mai kaya da mai saye ake cire ta. Ba mu taɓa jin inda aka ce ɗan aike ya karɓi ladan aikensa, sa'an nan ya zagaya ya haɗa da gyaran a ɓoye, a kira wannan ciniki mai tsabta ba. Makin jirgi gyara ne, bambancinsa kawai shi ne a kwamfuta ake zuba shi, ba a buhu ba.

Wannan muhawara ba mu kaɗai ta dama ba, domin Turawan da suka ƙirƙiro abin ma sun sha rigima a kansa. A ƙasar Jamus a shekarar 2002 an yi babban abin kunya da aka gano wasu 'yan siyasa suna tara maki a tafiye-tafiyen aiki da kuɗin gwamnati, sa'an nan su kashe shi a tafiyar kansu da ta iyalinsu. Har Gregor Gysi, wanda yake riƙe da harkar tattalin arziki a gwamnatin birnin Balin, sai da ya ajiye muƙaminsa a kan wannan magana. A 2006 kuma babbar kotun ma'aikata ta ƙasar ta yanke hukuncin cewa makin da ma'aikaci ya samu a tafiyar aiki na wanda ya biya kuɗin tafiyar ne, yana da ikon ya ce a yi masa aiki da shi. Amurka kuwa wata hanya ta bi. A ƙarshen 2001 ta yi doka da ta yarje wa ma'aikatan gwamnatin tarayya su riƙe makinsu. Ka ga ɗaya ta ce na mai kuɗi ne, ɗaya ta ce an bar wa matafiyi. Amma a duka biyun a fili aka yi maganar, kowa ya san matsayinsa. Mu a nan abin da ya dame mu shi ne ba a ma faɗa mana akwai abin ba.

Na san abin da 'yan aikenmu za su ce, kuma ba zan ƙi sauraronsu ba. Za su ce, Malam, kai kana gida kan tabarmarka, ni ne na bar iyalina mako biyu, ni na sha wahalar biza, ni na kwana a kan benci a filin jirgin wata ƙasa, ni ƙafata ta kumbura don zama, ni na yi ta fama da mutanen da ba na jin yarensu, ni kuma zan yi rigima da kwastan. In na samu na miƙe bayana sau ɗaya a shekara, ina laifi? Wallahi wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Mutumin da ya sauka da barci a idonsa ya faɗa kasuwa da kuɗin mutane, zai iya yin kuskuren da asararsa ta fi kuɗin kujerar. Ni ba na baƙin ciki da hutun kowa. Abin da nake cewa shi ne a tambaye mu. In an zauna an ce makin nan mun bar maka a matsayin tukuici, ka hau gaba ka huta, to ya zama halak malak, ka kwanta da zuciya ɗaya. Amma a caje mu kuɗin tikitin da ba a saya da kuɗi ba, wannan ba sunansa hutu ba.

Akwai kuma wata ɓarna da kwaɗayin kujerar gaba yake jawowa wadda ba a cika lura da ita ba. Kamfanonin nan ba don suna ƙaunarmu suka fito da tsarin ba, sun yi ne domin su ɗaure fasinja ya zama nasu. Mutumin da ya rage masa kaɗan makinsa ya isa, in ya zo yankar tikiti ba zai duba wane jirgi ne ya fi sauƙi ba, zai duba wane ne zai cika masa asusu. Sai ya bar tikitin araha ya sayi mai tsada domin shi ne yake ba da cikakken maki, ko ya bi hanya mai nisa. Wa zai biya bambancin? Mai sautu. Daga kan mai sautu kuma ya sauka kan matar ƙauye da ta zo sayen atamfa ko takalmin yaro. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,000 a 2024, kowace dala guda da aka ƙara a tikiti mu mun san nauyinta a jikinmu.

Ga 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa da suke tafiya da jarinsu na kansu, sau ɗaya ko sau biyu a shekara, shawarata ita ce kada lissafin manya ya ruɗe ku. Gaskiya ne makin ya fi daraja a kujerar gaba, amma wannan ribar ta wanda da ma zai iya sayen kujerar da kuɗinsa ce. Kai da ba za ka taɓa cire wannan kuɗi ka saya ba, ba ka adana komai ba, daɗi kawai ka ji na dare ɗaya. In kuwa ka karɓi tikitin baya da makin, kuɗin da za ka biya sun zauna a aljihunka sun zama ƙarin kaya. Haka kuma kamfanoni da yawa suna yarda ka karɓar wa wani tikiti da makinka. Inda na ga kujerar gaba ta cancanta ƙwarai shi ne in za ka kai tsoho ko tsohuwa Umra, ko mara lafiya asibiti a Alƙahira ko Indiya, wanda zaman takura zai cutar da shi. A nan kam ba a yi asara ba.

Wanda kuma ya ƙudura sai ya tara ya hau gaba, to ya san da waɗannan abubuwa. Na farko, makin yana mutuwa. A kamfanoni da dama shekara uku ne wa'adinsa, in ba ka taɓa shi ba ya tafi kamar hatsin da ƙwari suka cinye a rumbu. Na biyu, kamfani ne da wuƙa da nama, duk ranar da ya ga dama zai ƙara yawan makin da ake bukata, kamar yadda na Turkiyya ya yi a farkon 2024, ba wanda za ka kai wa ƙara. Na uku, kamfanin kansa yana iya durƙushewa. Air Berlin ya karye a 2017, tsarin makinsa ya bi shi, masu ajiya suka tashi a tutar babu. Ko bai karye ba yana iya daina zuwa ƙasarku. Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Na huɗu, tikitin maki ba kyauta ne gaba ɗaya ba, haraji da kuɗin filin jirgi da abin da wasu suke ƙarawa da sunan kuɗin mai duk da tsabar kuɗi za ka biya, saboda haka ka tambayi jimillarsu kafin ka yi murna. Na biyar, kujerun da ake warewa domin masu maki kaɗan ne, kuma a lokacin da kowa yake son tafiya, kamar watan azumi ko lokacin babbar kasuwar baje-koli ta Guanzu da ake ci a Afrilu da Oktoba, samunsu sai an sha wuya. Sai ka nema tun da watanni, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na ƙarshe, ku guji masu cewa za su sayar muku da maki ko su sayi naku a bayan fage. Dokar kamfanonin ta hana, in suka gano sukan rufe asusu su soke tikiti, mutum yana tsaye da jakarsa a filin jirgi.

Ina kuma kira ga ejan-ejan masu yankar tikiti da su riƙa faɗa wa mutanenmu wannan abu. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ba su yi boko mai zurfi ba, fasfo da kuɗi kawai suke miƙawa. Wani ya shekara goma yana hawa jirgi bai taɓa yin rajista ba, duk makin ya bi iska. Minti nawa ne za a buɗe masa asusu a saka masa lamba? Kai kuma matafiyi, asusun ya zama da lambar wayarka, kuma kada ka ba kowa lambar sirrinka. Ka adana guntun katin shiga jirgi, domin in makin bai faɗo ba ana iya nemansa daga baya, wasu kamfanonin har wata shida suke bayarwa.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin kasuwanninmu da su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taronsu. Ba abu ne mai wuya ba. A yi ƙa'ida cewa duk wanda zai karɓi sautu ya nuna rasit ɗin tikitinsa na gaskiya. In da maki ya karɓa, harajin da ya biya kawai za a raba wa masu sautu. In an ba shi ƙarin kilo kyauta, a rage wa kowa gwargwadon kayansa. In kuma jama'a sun ga ya cancanci a bar masa makin ya huta da shi, a faɗa a gaban shaidu tun kafin ya tashi. Wasu kamfanonin ma, irin su Emirates da Katar, suna da asusu na daban domin ƙananan kamfanoni, inda kamfanin da ya biya yake samun nasa makin, matafiyi ma ya samu nasa. Ƙungiyar da take da rajista tana iya bincikar wannan hanya.

Kasuwancin sautu a kan yarda kaɗai yake tsaye, ba takarda ba lauya. Ranar da masu sautu suka fara zargin ana cin wani abu a bayansu, ranar ce kowa zai riƙe kuɗinsa, kuma ɗan aiken ne zai fara ji a jikinsa, domin da jarin jama'a yake cika kwantena. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. 

Daga wani manomi ɗan tireda,
Jihar Kano.